Idan mai waƙa ya ce a daina saka ta

A Kano mawaƙi zai iya sauya mota, ya sauya unguwa, ya sauya ubangida, har jam'iyya ya sauya, a yi surutu na kwana biyu a manta. Abin da ba mu yarda ya sauya ba shi ne ra'ayinsa a kan waƙar da ya taɓa yi. Ranar da ya buɗe baki ya ce waƙa kaza da na yi shekarun baya yanzu ba na son jin ta, ranar za a fi saka ta. Masu tura waƙoƙi a kasuwar waya ta Farm Centre za su dawo da ita sahun gaba, yara su yanko baitin da ya fi jin kunyarsa su ɗora a TikTok, in kuma ya kama makirufo a wurin biki sai an sami mai ɗaga murya daga baya ya ce ita muke so. Ina ganin wannan ɗabi'a tamu ba daidai ba ce, kuma tana yi wa waƙar Hausa illar da ba mu lura da ita ba. Sai dai su ma mawaƙan, da yawansu so suke a karɓi nadamarsu da arha, alhali akwai waƙoƙin da cewa "na daina son ta" ba ya wanke su.

Gajiya da waƙar kai ba a garin nan aka fara ta ba. Ƙungiyar Radiohead ta Ingila ta yi suna da waƙar Creep da ta fito a 1992, daga baya suka shafe shekaru ba sa rera ta a dandamali, duk da ita jama'a suka fi nema. A 2021 Rolling Stones suka cire Brown Sugar daga waƙoƙin da suke yi a rangadi, waƙar da suka saki tun 1971, bayan an daɗe ana sukar yadda ta yi wasa da zancen bauta da matan baƙar fata. Taylor Swift ta Amurka, da ta sake naɗar wani tsohon kundinta a 2023, sai ta sauya layin da ta ci mutuncin wata mace a cikinsa tun tana ƙarama. A can ma ana gunaguni, amma ana wuce wurin. Bambancinmu da su shi ne mawaƙinsu yana da kamfani da lauya da kuɗin da ke shigowa ko bai fita wasa ba, don haka in ya ce ba zai yi ba, maganar ta zauna. Namu kuwa abincinsa na hannun wanda ke tsaye a gabansa da bandir ɗin liƙi. In uwar amarya ta aiko a ce ga waƙar da take so, ƙawaye sun cika fili, mai gabatarwa ya riga ya sanar, mawaƙin da ya ce a'a ya san gobe ba za a kira shi wani bikin ba. Sai ya haɗiye ya rera, fuska na murmushi, zuciya na ƙuna.

Mafi sauƙin lamarin shi ne mawaƙin da kunnensa ya girma. Yaro ne ɗan shekara goma sha tara ya shiga sitidiyo a Zoo Road da kuɗin zama ɗaya. Mai fiyano ya ɗora masa kiɗan da ya riga ya ɗora wa wasu, aka ja muryarsa da na'ura har ta daina kama da tasa, ya cusa kalmar da ba ta da ma'ana a ƙarshen ɗango don kawai amsa-amo ya faɗa daidai. Allah ya sa waƙar ta karɓu. Bayan shekara goma ya san kari, ya san inda ake numfasawa, ya karanta su Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin ya ga yadda ake zaunar da kalma a mazauninta, amma duk inda ya je waccan ta ƙuruciya ake tambaya. Furodusa ma in ya zo cewa yake a yi mini irin waccan. Irin wannan ƙin alheri ne, shi ne shaidar mutum ya ci gaba a sana'arsa, kuma babu wanda yake bin sa bashin bayani a kai.

Iyayenmu mawaƙan baka suna da wata dama da na yanzu suka rasa. Waƙa a wurinsu ba ta wanzuwa sai lokacin da ake yin ta. Makaɗin fada in ya yi wa wani ɗan sarki zambo bana, baɗi aka sasanta, sai kawai ya tsallake ɗan waƙar, wato baitin zambon, 'yan amshi su bi shi, a hankali ya mutu a bakin mutane. Masu tara kaset ɗin Mamman Shata sun san Bakandamiya ba guda ɗaya ba ce. Ya yi ta a lokuta daban-daban, wani ɗan ya shigo, wani ya fita, gwargwadon wuri da zamani da wanda ke zaune. Haka waƙa take gyara kanta a hannun mai ita. Faifan garmaho ne ya fara ƙwace wannan dama, gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya ƙara, kaset ya kai murya kowane ƙauye. Duk da haka kaset yana tsinkewa, CD yana karcewa, in 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka daina buga abu yakan yi wuyar samu. Yau babu abin da ke tsinkewa. Waƙar da ta fita daga sitidiyo da yamma, kafin asuba tana cikin wayoyin da ba su ƙirguwa, an ɗora ta a shafukan YouTube da mai muryar bai san masu su ba. Ta zama kamar 'yar da aka aurar nesa: ba ka da iko da inda za ta kwana, amma duk abin da ta yi sunanka za a kira.

Kafin mu yi wa mawaƙi gori ya kamata mu tambayi kanmu me ya sa waƙoƙin da-na-sani suka yi yawa haka. Amsar tana cikin yadda ake biya. Lokacin da kasuwar kaset da CD take raye, mawaƙi na iya haɗa kundinsa, ya zaɓi abin da yake son faɗa, ya sayar wa 'yan kasuwa ya ci abinci. Satar fasaha da turin waƙa a waya suka rushe wannan kasuwa. Mai teburi zai cika maka memori da waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, ko sisi ba ya isa ga wanda ya rera. Me ya rage? Waƙar fim da furodusa ke saye ya mallake, waƙar amarya da ango, waƙar tallar kaya, waƙar mai kuɗi, sai uwa uba waƙar siyasa. Kusan duk aikin oda ne. Wani ne ke zuwa da sunaye a takarda, ya ce wannan a yabe shi, wannan a taɓa shi. Mutumin da yawancin abin da ya rera a rayuwarsa ba daga zuciyarsa ya fito ba, dole wata rana ya waiwaya ya ga abin da ba ya so. Mu da muka saba jin waƙa kyauta muna da hannu a tura shi ƙofar wanda zai biya.

A waƙar siyasa ne maganar ta fi zafi, domin a nan nadama ta fi yawa, a nan kuma aka fi shakkar ta. Tun zamanin jam'iyyun NEPU da NPC ba a siyasa a Kano sai da waƙa. Amma siyasar garin nan tana juyawa da saurin da waƙa ba ta iya bi. Ganduje ya yi wa Kwankwaso mataimaki sau biyu, ya gaje shi a 2015, kafin a shekara biyu sun raba gari. Shekarau da Kwankwaso, waɗanda magoya bayansu suka daɗe suna jifan juna, sun haɗu a NNPP a watan Mayun 2022, kafin ƙarshen Agusta sun sake rabuwa. An sauke Sarki Muhammadu Sanusi II a watan Maris na 2020, aka dawo da shi a watan Mayun 2024. Kowane juyi a cikin waɗannan ya bar tarin waƙoƙi a baya, na yabo da na suka. Manyan za su haɗu a ɗaurin aure ko wurin ta'aziyya su yi musabaha, a ɗauki hoto. Abin da suka faɗa a kan dandamali ya bi iska, haka abin da sojojin baka suka faɗa a rediyo da dare. Amma baitin da mawaƙi ya siffanta wani da dabba, ko ya taɓa asalinsa, ko lalurar jikinsa, yana nan da kiɗansa mai daɗi, yara sun haddace shi tun ba su san ma'anarsa ba.

Misalin da kowa ya sani shi ne na Dauda Kahutu Rarara. Ya yi shekaru muryarsa ce muryar tallar marigayi Muhammadu Buhari a Arewa, har a 2020 ya nemi masoya su tura naira dubu-dubu domin ya yi masa sabuwar waƙa, aka kuma tura. A watan Oktoban 2023, bayan Buhari ya sauka, ya tara 'yan jarida a Kano ya ce mulkin ya bar ƙasa a lalace, ya nuna nadamar goyon bayan da ya bayar. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce butulci ne, wasu suka ce me ya hana shi faɗa tun mutumin na kan kujera. Ni ban ga laifi ba don mutum ya fito ya ce abin da na tallata bai zama yadda na ce ba. Da ma duk wanda ya tallata ɗan takara zai dawo ya ba da bahasi. Tambayata daban ce, kuma ba shi kaɗai nake yi wa ita ba, duk mawaƙin siyasar da ya sauya sheƙa ta shafe shi. Waƙoƙin nan ba yabo ne zalla ba. A cikinsu akwai mutanen da aka yi wa habaici da zambo saboda sun faɗi, tun da wuri, abin da kai ma yanzu kake faɗa. Su ina rabonsu a cikin nadamar?

A nan nake rabuwa da masu cewa da zarar mawaƙi ya ce ya tsani waƙa shi ke nan. Ƙin yabon da ka yi wa wani abu ne mai sauƙi, musamman in wanda ka yaba ba shi da abin ba ka yanzu. Mai wuya shi ne ka kira sunan wanda ka zaga ka ce na zalunce ka. Zambo ba ya tsayawa a kan wanda aka yi wa. 'Yarsa tana makaranta, abokan karatu na rera mata baitin a lokacin tara. Matarsa za ta shiga adaidaita sahu ta tarar direba ya ƙure sauti da waƙar, ta zauna shiru har a sauke ta. Laƙabin da waƙa ta liƙa wa mutum yakan bi shi har kabari, wani lokaci ya gangara kan 'ya'yansa. Kuma a garin da 'yan jagaliya ke ɗaukar waƙa tamkar izini, baiti kan ƙare a gilashin motar wani ko rumfar kasuwar wani.

Mawaƙan siyasa suna da amsar da suka saba bayarwa: sana'a ce, mu 'yan kwangila ne, abin da aka sa mu shi muka yi. Ban karɓi wannan amsa ba. Ranar da ɗan takara ya ci zaɓe ba wanda ke cewa shi ɗan kwangila ne. Ranar cewa ake waƙata ce ta kawo shi, ni na shigar da shi zukatan talakawa, a kan haka ake neman mota da kujerar Makka da muƙami. Wanda ya karɓi ladar tasirin waƙa ba zai dawo ya ce ba shi da alhakin ɓarnarta ba. Mai odar ya kawo suna ne kawai. Kalmar da ta yi ciwo, da karin da ya sa ta manne a baki, fasahar mawaƙi ce, baiwar da Allah ya ba shi ce ya sarrafa ta haka.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Kowane ɗalibin makarantar zaure ya san sharuɗɗan tuba: a daina, a yi nadama, a ƙudurce ba za a koma ba, in kuma akwai haƙƙin ɗan Adam a mayar masa ko a nemi yafiyarsa. Aya ta 160 a Suratul Baƙara, da take magana a kan masu ɓoye gaskiya, ba ta tsaya a tuba ba, ta haɗa da gyarawa da bayyanawa, daga nan malamai suka fahimci cewa ɓarnar da aka yi a fili, a fili ake warware ta. Tarihin mawaƙa ma haka ya nuna. Ka'abu ɗan Zuhairu ya yi wa Manzon Allah (SAW) zambo. Da ya tuba bai aika saƙo a ɓoye ba, bai ce a manta kawai ba. Madina ya zo, ya tsaya a masallaci gaban sahabbai ya rera ƙasidar Banat Su'ad, har Annabi ya ba shi mayafinsa. Da waƙa ya ɓata, da waƙar da ta fi ta ya gyara, kuma yau ƙarni goma sha huɗu ta biyun ake karantawa. A zamanin Sayyidina Umar, da Zibriƙanu ɗan Badar ya kai ƙarar Huɗai'a a kan zambo, Halifa bai ce ai waƙa ce kawai ba. Ya nemi Hassanu ɗan Sabitu, masanin sana'ar, ya tabbatar masa cin mutunci ne, sai ya tsare mawaƙin, bai sake shi ba sai da ya ɗauki alkawarin barin mutuncin mutane.

Don haka in mawaƙi ya ce ya tsani waƙar da ya ci zarafin wani a cikinta, ba hawayensa a hira zan duba ba. Zan duba ko waƙar tana nan a shafinsa na YouTube ko Audiomack tana kawo masa kuɗi. Zan duba ko ya taka zuwa gidan mutumin, ko ya ambaci sunansa a fili yadda ya ambata ranar zagi. Sannan in saurari sabuwar waƙar da ya yi wa sabon ubangida, in ji ko zagin nan dai ne aka sauya wa suna. Cat Stevens na Ingila, wanda ya musulunta a 1977 ya koma Yusuf Islam, ya bar irin waƙoƙinsa na da kusan shekara talatin kafin ya dawo da kundi a 2006. Tsofaffin waƙoƙin ba su daina sayuwa ba, amma ya juya dukiyarsa zuwa ayyukan agaji da ilimi, ciki har da makarantar Islamia da ya kafa a Landan a 1983. Shi ba zambo ya yi wa kowa ba, duk da haka ya san cewa maganar barin waƙa ba ta rabuwa da maganar kuɗinta. Namu da suka ci mutuncin mutane sun fi shi buƙatar sanin haka.

Akwai kuma waɗanda ba su zagi kowa ba, kuma su muka fi zalunta. Yarinya ta yi amshi, ko ta rera waƙoƙin soyayya na fim tana budurwa. Ta yi aure, ta haihu, ta rufe wannan babi. Ba ta ce waƙa haramun ce ga kowa ba, cewa ta yi ni na bari. Sai wani mai shafi da ke neman mabiya ya tono bidiyon shekara goma sha biyar, ya jera shi da hotonta na yanzu cikin hijabi, ya saki. Dangin miji su gani, kishiya ta sami abin gori, 'ya'ya su ji a makaranta. Ba ta da yadda za ta yi, domin tun farko furodusa ne ya sayi waƙar, ko a takarda ba tata ba ce. Haka namijin da ya bar nanaye ya koma gaban malamai. Ranar da ya rubuta nasiha ko ya ja aya, sai a manna masa tsohuwar rawarsa a ƙasa, a ce malam, wannan fa? Mu ne muke cika gari da kiran 'yan fim da mawaƙa su ji tsoron Allah, in ɗayansu ya amsa kiran kuma mu ne muke hana shi sakat. Hadisin da ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira bai cire mawaƙa ba. Wannan abu yana ci mini rai fiye da komai a cikin zancen nan, domin waɗannan mutane ba su da bakin kare kansu. Duk maganar da suka yi ƙara yaɗa bidiyon take.

Ƙananan mawaƙa kuma suna kallo. Abin da suke koya shi ne kada ka kuskura ka ce ka yi kuskure, domin ba a yafe maka, tsokana ake ƙarawa. Shi ya sa za ka ga mutum a hira ya dage yana kare baitin da shi kansa ya san bai dace ba, yana cewa ba a fahimce shi ba ne, Hausa ce mai faɗi. Da mun saba karɓar janyewa da mutunci, da an rage wannan taurin kai, da kuma matasa sun ga cewa babban mawaƙi ma yana tace kansa ba sai an kai shi kotu ba.

Na san abin da mai sauraro zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Waƙar da mawaƙi ke jin kunyarta, wani da ita aka kai masa amarya, wata ita mahaifiyarta ke so kafin ta rasu. Babu mai ikon shiga zuciyarka ya cire ta, ba kuma na cewa ka goge ta daga wayarka. Mai nazari ma zai ce waƙoƙin siyasa tarihi ne, wanda zai rubuta labarin zaɓen 2015 ko rikicin masarautar Kano ba zai iya ba sai da su. Haka ne, kuma ba na goyon bayan a ƙona komai. Ya kamata Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero da ɗakunan ajiya na gidajen rediyo su adana kowace waƙa, har da mafi muni, da shekarar da aka yi ta da wanda aka yi wa. Amma adanawa daban, yayatawa daban. Ɗalibin da ya saurari zambo a ɗakin karatu don ya fahimci zamani bai cutar da kowa ba. DJ ɗin da ya ƙure shi a wurin kamu, a unguwar da iyalan wanda aka zaga suke zaune, bayan mai waƙar da bakinsa ya ce a daina, ya san abin da yake yi.

Wasu ƙasashe sun kai wannan magana har cikin doka. A Faransa, tun dokar 1957, mai fasaha yana da haƙƙin janye aikinsa daga kasuwa ko da ya riga ya sayar da haƙƙin bugawa, da sharaɗin ya fara biyan wanda ya saya diyyar asarar da zai yi. In kuma daga baya ya sauya shawara yana son a sake fitar da aikin, wanda ya saya da farko shi zai fara yi wa tayi. Wannan tsari ya burge ni domin ya amince da abu biyu a lokaci guda: mutum na iya girma ya wuce aikinsa, kuma janyewa tana da farashin da shi zai biya, ba wani ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba mai fasaha damar a ambaci sunansa a kan aikinsa, da damar hana a gurɓata aikin ta yadda zai zubar masa da mutunci. Ko wannan kaɗai mawaƙanmu suka sani, da masu yanka tsohuwar waƙa suna liƙa ta a kan hotunan da ba su dace ba sun shiga taitayinsu. Matsalar ita ce yawancin cinikin waƙa a garin nan da baki ake yin sa, ba takarda, ba shaida.

Abin da ba na so shi ne a miƙa wannan aiki ga Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. An kafa ta a 2001, tana da aikinta, amma tarihinta da mawaƙa ya sa ba ita ce ta dace da wannan ba. A 2009 an kama Aminu Ala, a 2019 an kama Naziru M. Ahmad, dukansu bisa tuhumar sakin waƙa ba tare da tacewa ba, kuma mutane da yawa a garin nan sun ɗauki kamun biyun a matsayin siyasa. Waƙar da gwamnati ta tsana daban, waƙar da mai ita ya tsana daban. In aka haɗa su a ofis ɗaya, gobe za a kira mawaƙi a sa shi ya sa hannu cewa ya janye waƙar da har zuciyarsa yana tsaye a kanta.

Aikin na mawaƙan ne da kansu da gidajen rediyo. Ƙungiyoyin mawaƙa za su iya buɗe rajista mai sauƙi, wanda ya janye waƙa ya zo da ƙafarsa ya rubuta sunanta da dalilinsa, ya sauke ta daga shafukansa, in akwai wanda ya zaga ya nuna ya nemi afuwarsa. Daga nan a aika wa gidajen rediyo da talabijin da masu kiɗan biki. Ba za a iya tilasta wa kowa ba, kuma waƙar ba za ta ɓace daga wayoyi ba. Amma in manyan tashoshin Kano suka daina saka ta, mai gabatar da shiri ya daina buɗe hira da ita don ya ga yadda fuskar baƙonsa za ta sauya, mawaƙi zai sami abin da zai nuna wa uwar amarya ya ce Hajiya, wannan na janye ta, ga wata.

Kakar zaɓen 2027 ma za ta zo da takardun sunaye zuwa sitidiyo kamar kowace kaka. Yaron da za a miƙa wa ta farko yana da damar ya karɓi aikin yabon, ya ce layin da ya taɓa uwar wani ko ƙafar wani ba zai rera ba. Mai yiwuwa ya rasa aikin, domin a ɗaki na gaba akwai wanda zai karɓa. Shi ya sa nake son manyan, waɗanda ɗan siyasa ba ya iya tsallake su, su fara ƙin irin wannan layi a fili, su kuma gaya wa na bayansu dalili da sunan waƙar da suka taɓa yin irinsa a ciki.